Shekara huɗu matata na shan magani, ashe matsalar tawa ce

Shekara huɗu da aurenmu shiru ba haihuwa, kuma duk tsawon lokacin nan matata ce ke fama, sassaƙe, rubutu, jiƙo, har hoton mahaifa an yi mata sau biyu aka ce lafiyarta ƙalau. Ni kuwa ko a jikina, tunda ban taɓa gazawa a shimfiɗa ba me zai kai ni asibiti? Hajiya har ta fara zancen ƙarin aure. Ranar da likita ya kalle ni ya ce "Malam, kai ma fa sai an duba ka", wallahi ji na yi kamar ya zage ni.

Na dai daure na je. Aka ce in ƙaurace wa iyali kwana uku sannan in kawo maniyyi, kunyar wannan ranar ba ta faɗuwa. Sakamako ya fito ƙwayoyin maniyyi miliyan 9 a kowace mililita, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 daga miliyan 16 ya fara, masu iyo su yi gaba kuma ana son su kai kashi 30 cikin ɗari, nawa ko kusa ba su yi ba.

Likita ya tambayi sana'ata na ce tirela nake ja Kano zuwa Legas, wuni nake zaune saman inji, ga sigari kwali guda a rana, in na dawo gida kuma ga shisha a majalisa. Sai ya ce ai ba banza 'ya'yan maraina ke rataye a waje ba, suna son sanyin da ya gaza zafin jiki da digiri biyu zuwa uku. Zafi da hayaƙi suna ƙara wasu sinadarai masu cin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, su likitoci oksidetif sitires suke ce masa. Ƙwayar maniyyi kuma ba ta da garkuwa, fatarta mai ce mai saurin lalacewa irin man gyaɗan da aka manta a rana, in DNA ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, ya tsinke ba ta iya ɗinke shi da kanta.

Abin da ya hana ni barci shi ne maganar efijenetiks. Ni da na yi makarantar allo nan take na gane, baƙaƙen suna nan yadda suke amma in ka canja wasali karatu ya canja. Haka DNA yake da wasu alamomi a kansa da ke cewa a karanta nan a bar can, kuma an gano taba na sauya waɗannan alamomin a maniyyi. A gwajin ɓeraye ma an ga abincin da uba ya ci ya taɓa yadda jikin 'ya'yansa ke sarrafa sukari. Ni da nake ganin aikin uba sai an haihu yake farawa.

Wauta na yi daga nan, na biya wani kemis aka haɗa min bitamin kala biyar da allurar testostiron wai ta ƙarfin maza. Allah Ya taimake ni na nuna wa likita kafin a yi min, ya ce wannan allurar ita ce ma ke sa jiki ya daina ƙera maniyyi. Bitamin ɗin kuma ya ce kar in ɗora rai, wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2020 bai ga sun gyara komai ba.

Bayan sati biyu da barin taba na koma wai a sake gwadawa, dariya ya yi. Ƙwaya ɗaya tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna, wato abin da ka fitar yau girkin wata biyu da rabi ne da suka wuce, shi ya sa ko zazzaɓin maleriya mai zafi kan ɓata sakamako na 'yan watanni. Wata uku cur na jira, na koma wando mai sakewa, ina tsayawa a hanya in sauka in sha iska, shisha kuwa ita ta fi ba ni wuya saboda abokai.

Na biyun ya fito miliyan 14, an kuma gano jijiyoyi sun kumbura a maraina na hagu, barikosil, ana maganar aiki bayan Sallah. Jiya na zaunar da Hajiya na faɗa mata komai, ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta ce in kira mata matata.