Marubuciya, Ki Tattara Rubutunki Tun Kafin Ranar Jere

Marubuci ba ya yawan rasa aikinsa a ranakun da rayuwa take tafiya yadda aka saba, domin a lokacin yana kusa da kayansa, ya san jakar da kowane littafi yake ciki. Asarar takan zo ne da aure, ko tashi daga gida, ko mutuwar aure, ko doguwar jinya, ko rasuwar mahaifi da rabon gado, wato lokacin da kayan mutum suke komawa hannun dangin da suke ƙaunarsa, amma ba su san bambancin rubutun labari da tsohon littafin makaranta ba. Ƙannena masu tasowa a harkar rubutu, musamman mata, ina so ku ji yadda abin ya same ni domin ku yi shiri tun kafin a sa rana.

Da biro na fara rubutu, a littattafan makaranta masu falle sittin. Da ranar jere ta zo, 'yan'uwana suka kwashi gado da kujeru da kwanuka, suka bar jakar rubutuna a ɗakin ajiya na gidanmu, ni kuma ban tambaya ba, saboda a ganina gidan iyaye wuri ne da abu ba ya ɓata. Sai bayan damina na je ɗauka. Ƙasan jakar ya sha danshi, gara ta yi gini a cikin littattafan ƙasa har shafuka suka manne da laka, na saman kuwa wata yarinya ta riga ta kai wa mai ƙosai ta ƙofar gida, an naɗe wa jama'a karin kumallo da su. Ban ga wanda zan yi wa faɗa ba, tunda ban taɓa gaya wa kowa abin da ke cikin jakar ba. Na gwada sake rubuta labari guda da ka, jigon ya dawo, amma zantukan taurarin ba su dawo da zaƙinsu ba.

Kuskure na biyu ya fi min ciwo, domin da idona biyu na yi shi. Hidimar biki ta matsa mini da buƙatar kuɗi, sai na ba wani ɗan kasuwar littattafai labari guda, ya biya ni, muka rabu a kan maganar fatar baki. A zatona bugu ɗaya na sayar masa, shi kuwa a lissafinsa ya sayi labarin ɗungurungum, ga shi rubutun asali da filet ɗin bugun, wato farantin da injin maɗaba'a yake buga littafin da shi, duk suna hannunsa. Ina ɗakin miji ina ganin littafina yana sake fitowa da sabon bango, ko sisi ban ƙara gani ba. Daga baya na san cewa doka ba ta amince haƙƙin mallakar littafi ya koma hannun wani ba sai da rubutacciyar yarjejeniya, kuma sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana nan a kan haka. To amma wadda ba ta riƙe ko kwafin rubutunta ba, da me za ta je gaban hukuma? Saboda haka duk wanda za ku ba labari, ko da kawunku ne, a rubuta adadin kwafin da zai buga, da shekarun da yarjejeniyar za ta yi, da kuma wanda ke da ikon ba da izinin mayar da labarin fim ko karanta shi a rediyo da YouTube, shaidu su sa hannu. Kunya ce take hana mu, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi.

Na san za ku ce ku a waya kuke rubutu, gara ba ta cin waya. Ku duba dai da sunan wa aka yi rajistar layin da imel ɗinku da WhatsApp suke rataye a kansa. Tun da aka fara haɗa layuka da lambar NIN a ƙarshen 2020, layin da ke da sunan miji ko na yaya nasa ne, kuma idan zama ya ƙare ko wayar ta ɓata, shi kaɗai zai iya karɓo shi. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuwa kamfani yakan sayar wa wani. Dandalin intanet ma ba ma'ajiya ba ne: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka sayar da littattafansu, an rufe shi a ƙarshen Nuwamba 2023. Ku ajiye kowane labari a kwamfuta ko filas, wato 'yar ma'ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, da kuma imel mai sunanku, sannan ku buga guda a takarda ku kai wani gida daban.

Idan littafi ya fito, a kai kwafi uku Laburaren Ƙasa kamar yadda doka ta nema, don ko gobara ta cinye shago akwai inda za a same shi.

Abin da na fi jinkirin ganewa shi ne littafi dukiya ce da ake gada. A dokar Najeriya haƙƙin mallakar rubutu yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, amma magada ba za su raba abin da ba su san da shi ba. Yanzu ina da takarda guda mai ɗauke da sunan kowane labarina, wanda ya fito da wanda bai fito ba, da inda asalinsa yake, da wanda na yi yarjejeniya da shi da ranar ƙarewarta. Kwafi ɗaya yana wurin maigidana, ɗaya wurin ƙanina, kalmomin sirri kuma suna cikin ambulan da aka liƙe, wanda na ce kada a buɗe sai ta Allah ta kasance ko jinya ta hana ni magana.