Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Santimita Huɗu a Apapa

A makon jiya na tsaya ne a inda aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995, muka watse kowa ya kama gabansa, ni kuma na sauko daga teku da takardar shaidar mataimakin kyaftin a hannu, ga iyali a Agege, ga babu albashi. Na so in bi shekarun da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, amma ranar Juma'ar da ta wuce wani ɗan ƙanena ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya, wai shin da gaske ne aikin kwastan na yi a Legas. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ɗan sosa mini rai, domin fiye da shekara ashirin na yi ina safiyon jiragen ruwa, amma har yau a gidanmu na Yelwa ba a san bambancin wanda ke karɓar kuɗin fito da wanda ke duba lafiyar jirgi da nauyin kayansa ba.

Safiyon da mutanenmu suka sani shi ne mai awon fili. Na ruwa kuwa shaida ne da ake biya don ya je ya gani da idonsa, ya auna, ya rubuta, ya sa hannu, sannan mutanen da ba su taɓa ganin jirgin ba, a banki ko a kamfanin inshora a Landan, su biya kuɗi ko su hana bisa abin da ya rubuta. Akwai na gwamnati, irin waɗanda ke aiki yau a ƙarƙashin NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta ƙasa, masu ikon tsare baƙon jirgi a tasha idan kwalekwalen cetonsa ko famfon kashe gobararsa ba ya aiki, kuma tun 1999 ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Abuja don su riƙa wannan bincike da murya ɗaya. Akwai na ƙungiyoyin tantance ƙirar jirage, irin su Lloyd's Register da ta faro tun 1760, waɗanda ke bin jirgi tun yana ƙarfe a maƙera har ya tsufa, suna masa babban bincike duk shekara biyar. Ni ban shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa ne ya ɗauke ni, irin wanda masu kaya da masu inshora ke haya, kuma mafi yawan aikina awon kaya ne ta hanyar duba yadda jirgi ya nutsa cikin ruwa.

Amma ba a Legas na fara koyon wannan aiki ba, ba kuma a makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron ba, ko da yake can na samu takarda. A jirgin Baffa na fara. Waɗanda suka san Baffa sun san jirginsa na katako da yake ɗaukar 'yan kasuwa da albasa da busasshen kifi bayan an tare ruwa a Kainji a 1968, kogi ya zama tafki. A gefen jirgin nan, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, ya kafa wata ƙatuwar ƙusa, kuma da zarar ruwa ya taɓa ƙusar nan an gama lodi, ko da wanda ya rage a kwata surukinsa ne. Na taɓa ganin ya bar wata tawagar 'yan kai amarya a tsaye suna roƙo, wani dattijo ya ce zai ninka masa kuɗin, Baffa ya dube shi ya ce, "Ni zan iya karɓa, Malam, amma ruwa ba ya cin hanci." Ina ɗan shekara tara a lokacin, kunya ta kama ni, domin gani nake Baffa ya yi rashin mutunci a gaban baƙi.

Sai da na je Oron malami ya zana mana da'ira da layi ya ratsa ta a allo, ya ce wannan ita ce alamar Plimsoll mai nuna iyakar lodin jirgi, sunan wani ɗan majalisar Ingila da ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke cika su fiye da kima suna tura matuƙa ga halaka, har aka yi doka a 1876, daga baya kuma duniya ta amince da yarjejeniyar layin lodi ta 1966. A gefen da'irar akwai wasu layuka, na ruwan daɗi daban, na yankin zafi daban, na hunturu daban, na hunturun arewacin tekun Atilantika a can ƙasa. 'Yan ajinmu suna ta kwafa, ni kuwa ƙusar Baffa nake gani. Na so in faɗa masa da na je hutu, amma na tarar ba ya da lafiya, kuma a gidanmu yaro ba ya zama ya ce wa babba ashe kana da gaskiya, sai na bar maganar, ban kuma samu wata damar ba.

Yadda ake awon kuwa shi ne, jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa, saboda haka idan ka san iyakar inda ya nutsa, ka san nauyin ruwan da yake ciki, littafin jirgin zai gaya maka nauyinsa gaba ɗaya. Da sassafe, kafin iska ta tashi, za ka shiga ƙaramin kwalekwale ka kewaya jirgin ka karanta lambobin da ke jikinsa a wuri shida, gaba da tsakiya da baya, dama da hagu. Tsawon kowace lamba santimita 10 ne, tsakaninta da ta samanta ma santimita 10, don haka da ido kake raba sauran, ruwa yana hawa yana sauka, kai kuma kana tsugune kana jiran ya lafa. Karatun tsakiya shi ne mai nauyi a lissafi, domin dogon jirgi yana lanƙwasa kamar gora idan an ɗora masa kaya. Daga nan ka ɗebo ruwa da guga ka saka ma'auni ka ga nauyinsa. Ruwan teku 1.025 ne, ruwan daɗi 1.000, na tashar Legas kuwa gauraye ne, yana canjawa da damina da rani, har ma tsakanin cikowar teku da janyewarta, kuma wanda ya yi ƙiwa ya rubuta 1.025 daga ofis zai iya yin kuskuren ɗaruruwan tan. Sannan ka bi tankunan jirgin ɗaya bayan ɗaya da tef mai dalma a baki, ka auna ruwan da aka zuba don daidaita jirgi, da ruwan sha, da mai, ka cire su duka. Ka yi haka kafin a sauke kaya, ka sake bayan an sauke, abin da ke tsakani shi ne kayan. Idan an yi aikin da kyau, kuskuren ba ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Na tsawaita wannan bayani ne don mai karatu ya gane abin da aka nemi in yi a daminar 1997. Wani jirgi ya iso Apapa da takin zamani kimanin tan 30,000, zube a cikin rumbunansa, za a zuba a buhuna a bakin tasha a ɗora a tireloli zuwa Arewa. Kamfaninmu mai kayan ne ya haya. Ranar awon farko ana tafka ruwan sama, mataimakin kyaftin ɗin jirgin, wanda ƙa'ida ta ce mu sauka tare mu karanta tare, ya haɗa ni da wani yaro ɗan koyo ya ce duk abin da na gani ya yarda. Na gama na hau, jiƙe sharkaf, ina cikin lissafi a mota sai wakilin mai kayan ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da ni. Bahaushe ne, wani Alhaji dattijo mai furfura, mun sha yin sallah sahu ɗaya. Ya ce, "Malam, mu 'yan gida ɗaya ne a garin nan, ba sai na yi maka dogon Turanci ba. Ka rage santimita huɗu, ka ɗan sassauta nauyin ruwan, ka ƙara kaɗan a tanki. Ba ɗan'uwanka za ka cuta ba, kamfanin inshora ne a Turai, ko a jikinsu."

A jirgi irin wannan, kowace santimita ɗaya kusan tan 50 ce, wato buhu dubu. Santimita huɗu buhu dubu huɗu ke nan, in an haɗa da sauran dabarun da ya lissafa abin zai kai tan 500, buhu dubu goma da za a ce jirgi bai kawo ba alhali ya kawo, a karɓi diyya a kansu, a kuma sayar da su. Ban yi masa wa'azi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa zuciyata ba ta motsa ba, domin a lokacin kuɗin haya na bina, Hajiya kuma tana da cikin Auta. Na ce, "Ranka ya daɗe, mataimakin kyaftin ɗin da ke sama ya bar mini amanar idonsa, kuma abin da na gani na riga na rubuta da biro." Ya yi murmushi ya ce takarda ai ba ta ƙarewa a Legas. Ban san lokacin da maganar Baffa ta fito daga bakina ba, na ce ruwa ba ya cin hanci. Ya ce shi ba ruwa ya zo ba wa ba.

Abin da bai sani ba, ko ya sani bai damu ba, shi ne ƙaryar irin wannan ba ta tsayawa a takarda ɗaya. An auna jirgin a tashar da ya yi lodi, littafinsa na ɗauke da nauyin tarkacen da ke cikinsa wanda ba ya canjawa sosai daga tafiya zuwa tafiya, kuma ƙungiyar inshorar masu jirgin za ta aiko nata safiyon ya bi lissafina layi layi. Ranar da aka zauna shari'a ba za a kira Alhaji ba, sunan da ke ƙasan takarda za a kira. Amma ba wannan ne ya hana ni ba, kuma ba na so a ɗauka tsoron kamu ne.

Bayan kwana uku maigidana a ofis ya kira ni. Bai tambaye ni abin da ya faru ba, ya ce kawai mai kayan ya yi ƙorafi cewa ba ni da sauƙin hulɗa, kuma ba ya son a sake tura ni jirginsa. Na miƙa masa littafina na aljihu, wanda ruwa ya jiƙa, na ce ya duba lambobin da kansa, ya tura mini shi da ɗan yatsa bai ko buɗe ba. Wannan turawar ce ban manta ba har yau, ta fi maganar Alhaji yi mini ciwo, domin shi Alhaji ɗan kasuwa ne ya gwada sa'arsa, wannan kuwa tsohon kyaftin ne da ya san ma'anar santimita huɗu. Rahotona ya fita yadda na rubuta shi, wannan kam ba su iya taɓawa ba, amma kafin wata ya ƙare an mayar da ni Warri, aka ba wani yaro da ni na koya wa riƙon tef kujerar da kowa ya san tawa ce. Shekara shida na yi a can ina duba ƙananan jiragen dakon mai da kwatanniyoyin ƙarfe, ba ni da abin faɗa a kansu.

Akwai waɗanda a cikin dangi har yau suke cewa taurin kai ne ya hana ni gina gidan sama, kuma na san bakin da maganar ta fara fitowa, tun ranar sunan Auta. Ba zan kama suna ba. Ina dai so su tuna cewa a 2002 jirgin Joola na ƙasar Senegal ya kife a gaɓar Gambiya da mutane fiye da ninki uku na abin da aka ƙera shi ya ɗauka, fiye da 1,800 suka rasu, kuma a watan Mayun 2021, a ruwanmu na gida kusa da Wara, jirgi ya nutse da 'yan kasuwa da mata da yara, muka yi ta zaman makoki. Da na je ta'aziyya a waccan shekara na sauka kwata na bi jiragen da ke ɗaure ɗaya bayan ɗaya ina duba gefensu, tsohuwar al'ada, ban ga ƙusa ko ɗigon fenti a jikin ko ɗaya ba. Na tambayi wani matashi mai jirgi yadda yake sanin lodi ya isa, ya ce, "Baba, ai ido ne." Na ba shi labarin Baffa da abin da yake faɗa game da ruwa, ya saurara cikin ladabi, ya ce Allah ya jiƙan magabata, ya koma yana karɓar kuɗin fasinja. A nan nake ganin laifina, domin na ƙare ƙuruciyata ina auna jiragen wasu ƙasashe har zuwa rabin santimita, ban taɓa ɗaukar gwangwanin fenti na zo kwatar garinmu ba sai da ƙafa ta yi nauyi.

Alhajin nan kuwa mun sake haɗuwa, ina jin shekara goma sha biyu bayan abin, a wajen ɗaurin aure a Agege. Ya tsufa ƙwarai, ana riƙe masa hannu. Ya gane ni kafin in gane shi, ya ce wa na kusa da shi, "Ga mutumin da ya ce mini ruwa ba ya cin hanci," aka yi dariya, ni ma na yi. Bai nemi gafara ba, ni ma ban nuna ina jiran hakan ba, muka gaisa ya tambayi iyali. Maigidana na ofis kuwa ya rasu ban je gaisuwa ba, Hajiya ta yi ta yi mini magana a kai, kuma na san ita ce da gaskiya.

Littafin aljihun yana nan a cikin akwatin ƙarfe tare da takardun Oron, shafin ranar ya kumbura saboda ruwa amma lambobi shidan suna karantuwa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma Warri duk da na ce ba ni da abin faɗa, domin na tuna ranar da na shiga wani tanki ban jira an auna iskar cikinsa ba, da yaron da ya jawo ni waje.