Carl Schurz da rahoton da ba a so a gani ba

A kwas ɗin tarihin aikin jarida aka raba mana editocin ƙarni na 19 mu yi nazari a kansu, ni kuwa Carl Schurz ya faɗo hannuna. Bajamushe ne, haihuwar 1829. Ya shiga boren neman 'yanci na Jamus na 1848 yana ɗalibi a Jami'ar Bonn, da aka ci ƙarfinsu ya sulale daga garin Rastatt ta magudanar ruwa, a 1852 ya isa Amurka. Can ya zama janar a yaƙin basasa, ya zama editan Westliche Post, jaridar Jamusanci da ke St. Louis, sannan sanatan jihar Missouri daga 1869 zuwa 1875.

Duk waɗannan muƙamai ba su riƙe ni kamar aikin da ya yi a 1865 ba. Yaƙi ya ƙare, an 'yanta bayi, sai Shugaba Andrew Johnson ya tura shi jihohin Kudu, waɗanda suka yi tawaye aka ci su da yaƙi, ya gano masa halin da ake ciki. Johnson so yake a ce masa ƙura ta lafa. Schurz ya yi watanni yana ratsa South Carolina, Georgia, Alabama, Mississippi da Louisiana, yana zama da hafsoshin soja da masu manyan gonaki. Abin da ya tarar shi ne ana dukan 'yantattun bayi, ana kashe su, iyayen gijinsu na da kuma suna neman dabarar mayar da su aikin tilas da wani suna. Haka ya rubuta, bai rage ba. Ya ba da shawarar a bai wa baƙaƙen fata ƙuri'a. Ya kuma jingina wa rahoton tarin wasiƙu da bayanan jami'an da ke wuraren, ta yadda mai son ƙaryata shi sai ya fara ƙaryata su.

Johnson ya karɓe shi ba yabo ba fallasa. Sai da majalisar dattawa ta nema, bisa buƙatar Sanata Charles Sumner, aka miƙa rahoton a Disambar 1865, haɗe da gajeriyar wasiƙar Janar Grant, babban kwamandan sojojin Amurka, wanda zagayen 'yan kwanaki kawai ya yi ya dawo da labari mai daɗin ji.

Tun daga nan, duk wanda ya aike ni ɗauko rahoto, nakan fara tambayar kaina me yake fatan in dawo masa da shi, don nan ne alƙalami ya fi saurin karkacewa. Kuma na daina barin wuri sai da takarda ko muryar shaida a hannu. "An ce" ba ta tsayawa gaban mai mulki.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai a tarihin mutumin. Shi da ya ga jinin nan da idonsa, da ya hau kujerar sanata sai ya koma neman a yi wa tsoffin 'yan tawayen Kudu afuwa. A 1871 ya ƙi goyon bayan dokar murƙushe ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu kai wa baƙaƙe hari, hujjarsa ita ce ta bai wa shugaban ƙasa iko fiye da kima. Tsoron danniyar gwamnati ba baƙo ba ne ga wanda ya gudo daga hannun sojojin Prussia, masarautar Jamusawa da ta murƙushe borensu, na fahimci wannan. Amma mutanen da ake bi gida-gida da dare ana kashewa su ne waɗanda ya rubuta labarinsu shekara shida kafin nan, kuma a ganina bai yi musu adalci ba.