Ranar da na buɗe cikin injin fatsata

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau ban leƙa ko ƙofar gida ba sai don sallah da zuwa wajen tela maƙwabcinmu. Tun da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗora farin ƙyalle a kan faranti, na ɗauko injin naɗe igiyar fatsata. Sati guda ke nan yana cikin jaka, ni kuma raina na kansa.

Makon jiya a Tiga abin ya faru. Na je can gefen da duwatsu suke, nesa da bakin madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo. Wajen la'asar wani abu ya ɗauki koto, sanda ta lanƙwashe, na ji nauyinsa har kafaɗa. Ban yi juyi goma ba igiya ta tsinke. Wani dattijo masunci da ke gyaran taru a kusa ya ce, “Yaro, wannan ragon ruwa ne.” Ya karɓi igiyar ya murza a yatsunsa, ya nuna mini yadda ta kankare kamar an goga ta a dutse. “Ba kifi ya yanke ta ba, ƙarfenka ne.” Maganar ta zauna mini.

Injin na gwanjo ne, ƙirar Japan, mai lamba 4000. Hannu ya zaga sau ɗaya, kansa ya zaga sau biyar da ɗan ɗori, haka aka rubuta a jikinsa: 5.2:1. Na daɗe ina jin yana ƙara kamar mai tauna tsakuwa tun ranar da ya faɗi cikin yashi, na share da gefen riga na ci gaba. Ga ƙurar hunturu da ta bi ta ko'ina.

Na kwance murfin birkin da ke sakin igiya a hankali in kifi ya ja da ƙarfi, na zare kwarkwaro, na cire hannu. Duk abin da na fitar sai in ɗauke shi hoto da waya, in jera shi daga dama zuwa hagu yadda ya fito, don washa ɗaya in ta canza wuri an shiga uku. Notin da ke riƙe kan injin ya ba ni wuya. Na yi ta murɗawa da sifana yana ƙara tamkewa, sai daga baya na gane juyin hagu gare shi. Allah ya taimake ni ban cinye haƙoransa ba.

Da na buɗe cikin, tsohon giris ya zama baƙi ƙirin, ya daskare kamar kwalta, yashi na ƙyalli a tsakanin haƙoran giya. Na tsoma su a gwangwanin kalanzir, na bi su da tsohon buroshin haƙori ɗaya bayan ɗaya. Haƙoran lafiya lau, ko ɗaya bai ci ba.

Mai laifin yana waje ashe. A gefen wayar nan mai kama da baka, wadda ake ɗagawa in za a jefa, akwai 'yar taya da ba ta fi ƙwayar wake ba. Igiya a kanta take bi kafin ta hau kwarkwaro, kuma dole ta riƙa juyawa. Na sa tsinke na tura, ko motsi. Ƙaramin boris ɗin da ke cikinta ya yi tsatsa ya kafe, shi ya sa igiya take gogar ƙarfe tsaye, tana murɗewa tana cinyewa, har ranar da ta haɗu da kifi mai ƙarfi. Na daɗe ina kallonta a tafin hannuna. Ɗigon mai ɗaya a wata da ya wadatar da ita.

A nan ne wata 'yar washa ta kuɓuce ta shige saƙar tabarma. Muka yi ta lalube ni da ƙaramin ɗana. Shi ya ruga ciki ya dawo da mayen ƙarfen tsohuwar rediyo, ya bi tabarmar a hankali, sai ga ta ta maƙale. “Baba, ga ta!” Yadda ya yi tsalle ka ce shi ya kamo ragon ruwan.

Bayan azahar na leƙa wajen tela maƙwabcinmu neman man keken ɗinki. Ya tsiyaya mini a murfin kwalba, ya ce, “Alhaji, kar ka cika. Keke ma in ka shaƙe shi da mai, ƙura yake kira.” Na bi shawararsa. Na jiƙa boris ɗin a kalanzir, na juya shi a kan tsinke har ya saki, na bar shi ya bushe, sannan ɗigo ɗaya. Giya kuwa giris kaɗan a bakin haƙora, da kan ashana. Boris ɗin da ke hana hannu komawa baya ban sa masa giris ba ko kaɗan, domin in ya sha giris santsi yake yi, ya sake ka daidai lokacin da kifi ya ja. Washoshin birki masu kama da bargo na goge su na ɗan shafa musu mai.

Haɗawa ta ci ni har la'asar, sifirin ɗin bakan sau uku yana fallewa kafin ya zauna. Da na juya hannu, shiru, sai ɗan huci mai laushi. Na ɗaura igiya a ƙafar gado na ja, birki ya saki daidai ba fizga, 'yar tayar kuma tana bin igiyar tana juyawa.

Tsohuwar igiyar duk na warware ta, na ba uwargida ta ɗaure buhu. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Sabon Gari in nemi sabuwa, in kuma duba ko zan dace da boris irin wannan in ajiye, don wanda na farfaɗo yana da sauran tabon tsatsa a gefe.