Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Muka Miƙa Motocin Jami'a ga Hukumar Birni

A makon jiya na tsaya ne a kan taron gaggawa da aka kira mu a sashen sufuri, inda jami'in kuɗi ya sanar da mu cewa daga ƙarshen shekarar karatu jami'a za ta janye hannunta daga motocin bas da ke zagaya unguwannin gari, ta riƙe waɗanda ke yawo a cikin harabarta kaɗai. A lokacin ni ne mai tsara jadawali, wato mai zama da takarda da agogo yana lissafin mota nawa za ta fita da asuba, wane direba zai hau wace hanya, da ƙarfe nawa kowace za ta isa kowace tasha. Wannan ne ya sa aka saka ni cikin kwamitin miƙa aiki, ba don muƙamina ya kai ba, sai don babu wanda ya fi ni sanin inda motocin ke wuni da inda suke kwana.

Babu ranar da wani ya zauna ya yanke shawarar cewa jami'a ta zama mai jigilar mutanen gari. Da farko an sayo motocin ne don ɗaukar ɗalibai daga gidajen kwanansu. Da ɗalibai suka yawaita suka bazu cikin gidajen haya, sai hanyoyin suka bi su, mutanen unguwanni kuma suka fara hawa, babu wanda ya hana su. Da tallafin gwamnati na sufurin jama'a ya zo, jami'a ce ke da motoci da gareji da kanikawa, don haka ita aka rubuta a matsayin mai karɓa. Sai dai tallafin bai taɓa biyan kuɗin aikin gaba ɗaya ba, kuma giɓin daga kuɗin da ɗalibai ke biya ake cike shi. Hujjar jami'in kuɗi ke nan: da wane dalili ɗalibi zai ci gaba da biya wa wanda ba ɗalibi ba kuɗin mota? Raina ya ɓaci a wannan rana, amma da na koma ofis na buga lissafin da kaina, ban sami inda ya yi kuskure ba.

Kafin zamanmu na farko da wakilan hukumar birni, na kwashe dare da yawa ina karanta yadda aka yi a wasu wurare. Wanda ya fi kama da namu shi ne na garin Norman a jihar Oklahoma ta Amurka, inda Jami'ar Oklahoma ta daɗe tana gudanar da motocin da ake kira CART, har ta miƙa hanyoyin cikin gari ga hukumar birni a watan Yulin 2019. Hukumar ba ta ɗora wa kanta tuƙin ba, ta ƙulla yarjejeniya ne da EMBARK, hukumar sufurin birnin Oklahoma da ke maƙwabtaka da ita, sannan a watan Nuwamban shekarar mazauna garin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da harajin sayayya na kashi 1 bisa 8 na kashi 1 cikin 100 na kuɗin abin da aka saya domin sufuri. Na kuma ga wuraren da ba a rabu ba. A Davis ta jihar Kalifoniya ɗalibai ne da kansu ke tuƙa motocin Unitrans, wadda aka kafa a 1968, da haɗin gwiwar hukumar birnin. A Chapel Hill ta jihar North Carolina kuwa, garin da maƙwabcinsa Carrboro da jami'a ne ke haɗa kuɗi, kuma tun 2002 fasinja ba ya biyan ko kwabo. Abin da na fahimta shi ne, duk inda abin ya ɗore, an fara ne da amsa tambayar daga wace jaka kuɗin zai riƙa fitowa kowace shekara, kafin a zo ga batun wa zai riƙe makulli.

Batun kadarori bai ba mu wahala ba. Motocin da aka saya da tallafin gwamnati ba a sayar da su kamar kayan gwanjo, sauya sunan mai su aka yi a takarda, aka sabunta inshora, aka kuma amince hukumar birni ta ci gaba da amfani da garejinmu na ɗan lokaci. Na direbobi ya fi ɗaci, domin mutumin da ya shafe shekaru yana tara fansho a matsayin ma'aikacin jami'a ba zai so a wayi gari a lissafta shi a matsayin sabon ɗauka ba, kuma mun kwashe makonni muna ja-in-ja kafin a yarda cewa shekarun aikin kowa za su bi shi.

Amma inda aka kama ni, ni da kaina, shi ne wajen jadawali. Wata jami'ar tsare-tsare ta hukumar birni, mace mai ƙarancin magana, ta ɗauki takarduna ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Malam, me ya sa wannan hanya take samun mota duk minti ashirin, amma a dogon hutu sai ta koma sau ɗaya a awa?" Na ce ai ɗalibai sun tafi gida. Ta ce, "To ma'aikatan asibitin da ke kan hanyar fa, su ma suna tafiya dogon hutu?" Ban sami amsa ba. Daga nan ta shimfiɗa taswira ta nuna mini abin da na shafe shekaru ina kallo ba tare da na gani ba: duk hanyoyinmu a ƙofar jami'a suke haɗuwa, ta yadda matar da za ta je asibiti daga unguwarsu dole ta fara zuwa jami'a, ta sauka ta jira wata motar, ko da kuwa asibitin ya fi jami'ar kusa da gidanta. Ni a zatona muna yi wa mutanen gari alheri ne, kuma gaskiya ne muna yi, amma irin alherin da ake yi wa baƙo, wanda yake ci lokacin da masu gida suka zauna ci.

Gyaran wannan ba a baki yake ba, kuma a nan ne sana'ata ta yi amfani. Idan mota tana buƙatar awa guda ta je ta dawo, kuma ana son fasinja ya sami mota duk minti goma sha biyar, to motoci huɗu ake buƙata a kan hanyar da direbobi huɗu a kowane lokaci. Idan aka mayar da shi duk rabin awa, biyu sun isa. Babban abin da ke cin kuɗi a harkar bas ba ƙarfen ba ne, awannin direba ne, sai mai da gyara. Jami'a tana samun sauƙi ne saboda watannin hutu, lokacin da take ajiye motoci da yawa ta kuma yi musu babban gyara a tsanake. Gari kuwa ba ya hutu. Ma'ana, kasafin da muka miƙa wa hukumar birni kasafin shekarar karatu ne, ba na cikakkiyar shekara ba, kuma sai da na faɗi haka a fili a gaban shugabannina, abin da bai yi wa wasunsu daɗi ba. Ga kuma jigilar masu buƙata ta musamman, waɗanda ake ɗauka daga ƙofar gida saboda ba za su iya kai kansu tasha ba. A Amurka dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta wajabta irin wannan hidima, kuma ƙa'idar da aka gina a kanta ta sa iyaka kashi uku cikin huɗu na mil daga kowace hanyar bas, don haka duk wanda ya tsawaita hanya ya tsawaita wannan nauyin ma.

Saura wata guda a miƙa aiki, na yanke shawarar hawa kowace hanya da littafi a hannu, domin na fara zargin cewa abin da ke cikin jadawalina ba shi ne dukan abin da ke faruwa a titi ba. A motar farko ta asuba, wadda direbanmu mafi tsufa ke ja, na lura ya tsaya a wata tasha babu kowa, ya kashe minti biyu yana duban madubi. Na ce, "Baba, me muke jira? Ai lokaci yana tafiya." Ya ce, "Ɗana, masu shara ne da suka kwana a aiki. Sai an buɗe musu ƙofa suke fitowa, kuma idan na wuce, sai bayan awa guda za su ga wata motar." Bai rufe baki ba sai ga su sun ɓullo da sauri. Ya gaya mini ya daɗe yana yin haka, yana rama mintunan a miƙaƙƙen titin da ke gaba, kuma bai taɓa faɗa mini ba don gudun kada in hana. Kafin watan ya ƙare littafin ya cika da irin waɗannan: kwanar da ruwa ke tarewa idan an yi mamako, makarantar da ke tashi ta toshe titi, makahon da direbobi ke kira wa lambar mota da baki. Shi na miƙa wa jami'ar tsare-tsaren nan tare da makullai, kuma ta fi daɗewa a kansa fiye da kan yarjejeniyar kanta.

A daren ƙarshe muka tsaya a gareji ana ɓamɓare tambarin jami'a daga jikin motocin ana manna na birni. Da asuba motar farko ta fita a kan lokacinta, Baba ne a kan sitiyari, kuma mintunan nan biyu an riga an buga su a cikin sabon jadawali. Ni kuwa na koma ofis na tarar da wasiƙa a kan teburina, ana neman in zaɓi tsakanin zama a jami'a da motocin haraba ko bin sauran zuwa hukumar birni, an kuma ba ni zuwa ƙarshen wata in ba da amsa. Daga kan wannan wasiƙa za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.