Kwamfuta ce ta san gidan mai ita

Shekara bakwai ke nan ina rubuta manhajoji a ɗan ofishinmu da ke Jekadafari, cikin garin Gombe. Mu huɗu ne. Yawancin aikinmu manhajar lissafin kaya ce ta masu shagon magani da dillalan Tudun Hatsi. Dole ta yi aiki ko babu intanet, don haka a cikin kwamfutar mai shago ake ajiye komai. To, a wace folda?

Da na fara sana'ar, da hannu nake rubuta adireshin, C:\Users\Admin, domin sunan da masu sayar da kwamfutocin hannu suka fi sa wa ke nan. Ran nan wani dattijo mai shagon magani ya kira ni da sassafe ya ce, "Malam, cinikin jiya bai shiga ba." Na ce, "Alhaji, ga ni nan tafe." Ashe ɗansa ne ya sayo masa sabuwa, ya buɗe ta da asusun Microsoft, Windows kuwa ta yanki haruffa biyar na farkon imel ɗin ta raɗa wa foldar. Manhajata ta nemi Admin ta rasa, kuma ba ta ce uffan ba. Sai da muka kai azahar muna kwafe ciniki daga littafin yaron shago. Abin ya tsaya mini a rai, domin dukiyar mutum amana ce.

Tun daga ranar na hana kowa a ofishinmu yin ƙiyasi. Kowace babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar kamar Windows, da inda take kafa gidan mai amfani da ita, wato foldar da ke ɗauke da fayilolinsa. Windows XP tana sa shi a Documents and Settings, daga Vista aka koma Users. A Mac /Users ne, a Linux /home, amma gidan asusun da ke da iko da dukan tsarin yana /root. Ko an canja wa asusu suna a Windows, foldar tana nan da tsohon sunanta. Kwamfutar ake tambaya, domin tana ajiye adireshin gidan a ƙarƙashin wani suna: USERPROFILE a Windows, HOME a Mac da Linux, idan babu HOME a duba rajistar masu asusu. Da yaren rubuta manhaja na Python muke aiki, kuma umarninsa Path.home() ya ɗauke mana wannan nauyin. Sai dai a lura, daga Python 3.8 ne aka daina kula HOME a Windows, kuma gyara ne mai kyau, tunda kayan aiki irin su Git Bash kan kafa nasu HOME ɗin.

Samun gidan ma rabin aiki ne. Ba na son manhajar da ke zube fayilolinta a tsakar gida, ko a Documents, wadda OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, kan ɗauke ya mayar wani wuri. Bayananmu AppData suke shiga a Windows, Library/Application Support a Mac, .local/share a Linux.

Akwai kuma wadda ta fi shafar mu Hausawa: sunayenmu. Alamar da ke tsakiyar Mu'azu ko Sa'adatu takan yanke umarni gida biyu idan an haɗa adireshi da hannu, haka ma suna mai tazara a tsakani, balle ƙ da ɗ. Yanzu kafin mu kai wa kowa aiki, akwai tsohuwar kwamfuta a lungun ofis da muka buɗe wa asusu da suna mai ɗauke da duka ukun. Sai manhaja ta ajiye ciniki a cikinta, an kashe an kunna an same shi, sannan nake yarda a ɗora ta a filashi.