Maganin estirojin: mai mahaifa ba ta shan sa shi kaɗai

Daga Agege har Idi-Araba a Legas, mata da yawa idan al'ada ta ɗauke musu sai su shiga wani hali: zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa su cikin dare ko da fanka na juyawa, gaba ta bushe har kwanciyar aure ta zama wahala. Ƙarancin estirojin, sinadarin da kwan haihuwa ke samarwa a jikin mace, ne ke jawo wannan, kuma akwai magani: a ba jiki estirojin ɗin da ya rasa. Ana ba da shi ga wadda aka cire wa kwan haihuwa, da wadda al'adarta ta tsaya kafin shekara 40, don kare mata ƙashi.

Ƙwayar da aka fi sani ita ce Progynova, miligiram 1 ko 2 a rana. Akwai Premarin, akwai filastar da ake mannawa ƙasan cibiya a canza sau biyu a mako, akwai kuma man da ake sawa a gaba. Idan bushewa ce kaɗai damuwar, man ya wadatar.

Inda ake tafka kuskure shi ne nan. Estirojin yana sa bangon cikin mahaifa ya yi ta kauri, idan babu abin da zai taka masa birki, yana iya kaiwa ga sankarar mahaifa. Shi ya sa likita ke haɗa shi da furojestaron, sinadarin da ke hana bangon yin kaurin, misali miligiram 200 na kwana 12 a kowane wata, ko 100 kullum da dare. Wadda aka cire wa mahaifa ce kawai ke shan estirojin zalla. Masu zuwa kemis su sayo shi wai don ƙarin ƙugu ko nono, wallahi wasa da rai suke yi.

Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta, a can take ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Filasta ba ta bin wannan hanya, don haka ta fi dacewa da mai ƙiba. Matsalarta a Legas gumi ne: a manna ta kan busasshiyar fata, ban da mai ko hoda.

Wadda ta taɓa sankarar mama, ciwon hanta ko daskarewar jini kada ta fara. Ɗigon jini a watannin farko ba abin tsoro ba ne, amma in ya wuce wata 6, ko sangalin ƙafa ɗaya ya kumbura yana ciwo, a tafi asibiti. Na ƙafar kam, tunda yana iya zama daskarewar jini, ranar ma kada a bari ta faɗi.